Doguwar Mota Mai Ƙofa Takwas Da Fijon Kakana

Ni mutumin Kangire ne ta ƙasar Birnin Kudu, shekaruna 16. Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne wata irin mota da na gani a fim, da kuma abin da ganinta ya sa na fahimta game da motocin da ke kai mu makaranta, su komo da mu gida.

Ran wata Asabar da dare, cikin zangon karatun da ya wuce, aka nuna mana wani tsohon fim na Amurka a ɗakin cin abinci. Labarin bai zauna mini sosai ba, don Turancinsu ta hanci suke yin sa. Amma akwai wuri guda da ban manta ba. Jirgin sama ya sauka, matafiya suka fito ƙofar fili riƙe da akwatunansu, sai ga wata mota ta shigo. Kanta ya wuce, muna ta jiran ƙarshenta, shiru. Da ta tsaya muka ƙirga ƙofofi, sai muka ga huɗu a gefen da ke fuskantarmu, wato takwas ke nan idan an haɗa da na ɗaya gefen. Ɗaki ya kaure da shewa. Wani ya ce wannan ai jirgin ƙasa ne ya ɓace hanya, wani kuma ya rantse dabarar 'yan fim ce kawai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ga kowane jerin kujeru da ƙofarsa, kowa ya buɗe ya shiga ya zauna sosai, ba wanda ya ɗora cinya a kan ɗan'uwansa, kaya kuma aka zuba su can baya a wurinsu.

Ranar Litinin na tambayi malaminmu na kimiyya ko da gaske an taɓa yin irin wannan mota. Ya ce in same shi a ɗakin kwamfuta bayan la'asar. Muka duba hotuna har muka dace da mai kama da ita. Ashe ba ƙarya ba ce. Sunanta Checker Aerobus, wani kamfani mai suna Checker ne ya riƙa ƙera ta a garin Kalamazoo na jihar Michigan, daga 1962 zuwa 1977. Shi wannan kamfani an fi saninsa da ƙera motocin tasi masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake yawan gani a finafinan birnin New York. Aerobus iri biyu ce: akwai mai ƙofa 6 mai ɗaukar mutum 9, akwai mai ƙofa 8 mai ɗaukar mutum 12. Tsawon babbar ya kusa mita 7. Duka-duka waɗanda aka ƙera ba su kai 4,000 ba, kamfanin kuwa ya daina ƙera motoci a 1982. Turawa suna kiran irin waɗannan motoci limuzin ɗin filin jirgi. Ita kalmar limuzin ta samo asali ne daga sunan wani yanki na ƙasar Faransa.

To, me ya kawo buƙatar irin wannan mota? Dalili shi ne, a 1958 manyan jirage irin su Boeing 707 suka fara jigilar fasinja, jirgi ɗaya ya kan sauke mutum fiye da 100 a lokaci guda. Filayen jirgi kuwa a bayan gari ake gina su, nesa da otal-otal. Tasi ta yi kaɗan, babbar bas kuma sai an daɗe ana jira kafin ta cika. Saboda haka masu otal da masu jigila suka nemi abin da ke tsakanin biyun: motar da za ta kwashi mutum 9 ko 12 da akwatunansu, ta tashi nan da nan. Yawan ƙofofin ma ba don ado ba ne. Idan aka zo otal ɗin mutum, sai ya buɗe ƙofar jerinsa ya fita, ba sai an tashi kowa ba.

Yadda ake yin ta kuwa abin mamaki ne. Tun cikin shekarun 1920 wani kamfani mai suna Armbruster, a garin Fort Smith na jihar Arkansas, ya shahara da wannan aiki. Sai a sami mota lafiyayya a yanka ta biyu a tsakiya, a ja gaba da baya a raba su, a saka sabon ƙarfe a tsakani a yi walda, a ƙara ƙofofi da kujeru da rufi. Amma aikin bai ƙare nan ba, kuma nan ne nake so mai karatu ya lura da kyau. Duk abin da ya ratsa ƙarƙashin motar sai an ƙara masa tsawo: furofela, da salansa, da bututun man birki, da wayoyin lantarki. Bayan haka sai a ƙarfafa ƙashin motar don kada ta lanƙwashe a tsakiya, a sa mata sifirin da tayoyin da za su iya da sabon nauyin. Har akwai wata mai suna Jetway 707, wadda aka fara yi a 1968, tsawonta ya wuce mita 8. Ita da aka ga nauyin ya yi yawa, sai aka ƙara mata tayoyi biyu a baya, ta zama mai taya 6. Tana fitowa na ɗan lokaci a fim ɗin All the President's Men na 1976. Daga baya, cikin shekarun 1970, ƙananan bas-bas masu ɗaukar mutum 12 zuwa 15 suka yawaita, ga araha ga sauƙin gyara, man fetur kuma ya yi tsada bayan rikicin mai na 1973. Haka dogayen motocin nan suka yi ta ɓacewa, yau sai a tsofaffin finafinai da hannun masu tara kayan tarihi.

Da aka yi hutu na koma Kangire, na nuna wa kakana hoton a wayar yayana. Shi kakan nawa tsohon direba ne, ya yi shekara da shekaru yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano, wani lokaci har Gwaram da Ningi, tun muna cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Can ya yi dariya ya ce, "Abokina, wannan in ta shigo hanyar ƙauye da damina, cikinta zai hau tudu, tayoyin su yi ta lilo a sama. Kuma a wace tasha za ka juya ta?" Na ce, "Baba Tsoho, ai ka ga dai kowa da wurin zamansa." Ya ce, "Mu ma muna da tamu. Ba ka san Fijo wagon ba? Ita ce ta kai alhazan garin nan filin jirgin Kano, ita ce ta ɗauko su."

Daga nan ya shiga ba ni labari. Ya ce a shekarun 1980, idan lokacin aikin Hajji ya yi, akan yi shatar motarsa tun daga ƙofar gida. A ɗaure akwatuna a kan kariya, maniyyata su shiga, 'yan rakiya su biyo a wata motar, a bi ta Kwanar Huguma da Wudil har Kano. Shi filin jirgin Kano tsoho ne ƙwarai, don tun 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, yanzu kuma sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi. A yau akwai filin jirgi a Dutse, amma a zamanin su kakana duk wanda zai hau jirgi daga wajenmu sai ya dangana da Kano.

Maganarsa ta sa na koma bincike a kan ita Fijon, wadda masu ita ke rubuta sunanta Peugeot. An fito da samfurin 504 a Faransa a 1968, ta gaji 404 wadda ta riga ta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda ake yi a kan munanan hanyoyi. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Faransa ta daina yin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Shi ya sa ta zama motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, motar haya, kuma ba garejin da za ka shiga a rasa bakaniken da ya san cikinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe ita ma Fijo wagon jan ta aka yi, sai dai kaɗan. Tsawon salun wajen mita 4.5 ne, na wagon kuwa mita 4.8. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya an ƙara mata santimita 16. Aka ɗaga rufin baya, aka sa jeri na uku na kujeru, ta zama mai ɗaukar mutum 7 ko 8. Kuma da yake masu ƙera ta sun san za ta ɗauki nauyi, sai suka sake fasalin ƙafafunta na baya, suka sa sifirin 4, wato biyu-biyu a kowane gefe. A ƙasar Senegal har sunan motar haya ya koma "mai wuri bakwai" da Faransanci, saboda ita. Ka ga ke nan, da na Amurka da na Faransa, duk doka ɗaya suka bi: in za ka ƙara mutane, sai ka ƙara wuri, in ka ƙara wuri, sai ka ƙara ƙarfi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

To, mu fa? Na tambayi kakana mutum nawa yake ɗauka. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce biyu a gaba ban da shi, huɗu a tsakiya, uku a baya, yara kuwa ba a lissafi da su. Wato mutum 10 a motar da ba ta kai mita 5 ba, alhali waccan mai kusan mita 7 mutum 12 aka yi ta dominsu. Yau Fijo ta yi ƙaranci a tashoshinmu, Golf da Sharon da bas-bas sun maye gurbinta, amma halin bai sake ba, sai ma abin da ya ƙaru. Golf wagon kujerar mutum 5 gare ta har da direba, tsawonta bai kai mita huɗu da rabi ba. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san yadda ake yi: biyu a gaba, huɗu a baya, biyu a but tare da buhuna, ƙofar but a buɗe an ɗaure ta da igiya. Su can sun ja mota don ta ishi mutane, mu nan muna matse mutane don su shiga mota, ƙarfen kuwa yana nan yadda aka ƙera shi.

Bari in kawo abin da muka koya a darasin kimiyya, don kada a ce surutun yaro ne. A ce an ƙara mutum 2 masu nauyin kilo 60 kowanne, da buhun masara 2 masu kilo 100 kowanne. Ƙarin ya zama kilo 320. Fijo wagon ba kowa a ciki wajen kilo 1,300 ce, wato an ɗora mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta a kan abin da ta riga ta ɗauka. Aikin birki shi ne ya mai da ƙarfin gudun mota ya zama zafi. In nauyi ya ƙaru, zafin da birki zai sha ya ƙaru, in ya yi zafi ainun kuwa sai ya rage kamawa. Gudu ma ya fi nauyi haɗari, gama in aka ninka gudu sau 2, ƙarfin da birki zai kashe ya ninku sau 4. Taya ita ma tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta. In aka wuce shi sai gefenta ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi, ga kwalta ta gasu da ranar bazara, daga nan sai fashewa. Bugu da ƙari, in kaya suka danne baya, gaban mota ya kan ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitila ta haska sama ta kashe wa mai tahowa ido. Kayan da aka tula a kan rufi kuma su ne ke sa mota saurin kifewa a kwana.

Ban kawo wannan don na karanta a littafi kaɗai ba, gani ya kori ji. Bara, ranar komawa makaranta, mahaifina ya ba ni kuɗin mota cif, da ɗan abin kashewa. Da na je tasha na tarar wata ƙaramar wagon ta cika, saura but. Ɗan kamasho ya ce in zan shiga nan zai rage mini kuɗi. Na yi lissafin ƙuli-ƙuli da garin kwakin da ragowar za ta saya mini, na haye, ni da wani ɗan ajinmu, ƙafafunmu suna reto a waje. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba sai muka ji fam, tayar baya ta fashe. Mota ta yi ta tangaɗi, salati ya tashi ta ko'ina. Allah ya taimaki direban bai taka birki da ƙarfi ba, ya lallaɓa ta har ta gangara gefen hanya ta tsaya a cikin wata gona. Amma kafin ta tsaya abokina ya riga ya faɗa waje. Hannunsa na dama ya karye, ya yi makonni a gida ana ɗori, jarrabawar zangon nan ba da shi aka yi ba. Ni ƙujewa kawai na yi, amma har yau in na tuna yadda kwalta ke gudu ƙarƙashin ƙafata sai gabana ya faɗi. Ban faɗa wa mahaifina cewa a but nake ba sai cikin hutun nan. Bai doke ni ba, tambaya ɗaya ya yi mini: nawa aka rage maka? Da na faɗa, sai ya ce, "Ashe kuɗin ranka ke nan." Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada kuma a ɗauka direbobi kaɗai nake zargi, don jikan direba ne ni, da kuɗin mota aka ciyar da mahaifina. Kakana ya bayyana mini cewa yawancin direbobi ba su ne masu motar ba. Kullum akwai abin da za su kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga na mai, ga gyara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin mai ya tashi. In direba ya ce mutum 4 kaɗai zai ɗauka, dole kuɗin kowa ya ƙaru, mu fasinja kuma mu ne za mu fara gudunsa mu tafi wurin mai araha. Saboda haka laifin na kowa ne: da mai mota, da direba, da ɗan kamasho, da mu masu cewa a matsa a ba mu wuri. Gwamnati ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma lodi fiye da kima laifi ne a dokarta. Amma jami'i ba ya iya tsayawa a kowace kwana. Wanda ke cikin motar shi ya fi kowa sanin mutum nawa ne a ciki.

Na tambayi kakana ko shi bai taɓa jin tsoro ba. Ya ce ya ji mana. Ya ce akwai abubuwa uku da bai taɓa wasa da su ba ko da ya yi lodi: ba ya sa sudaɗɗiyar taya, ba ya tashi bai duba man birki ba, kuma in mota ta yi nauyi ba ya gudu, ko fasinja za su zage shi. Ya ce abokan aikinsa da yawa da suka fi shi sauri sun riga shi zuwa inda ba a dawowa. Daga nan ya kama hannuna ya kai ni wurin mai faci, ya nuna mini wasu lambobi 4 a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2316, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Ya ce tayar gwanjo takan zo da zanenta raɗau, alhali robar ta tsufa ta bushe.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Ku 'yan'uwana ɗalibai, kada mu sake shiga but, kada mu zauna biyu a kujerar gaba, ko nawa za a rage mana. Ranar hutu da ranar dawowa, mu 'yan gari ɗaya mu haɗa kai mu yi shatar mota, mu biya kuɗin kujerun da ke cikinta, mu ce iyakarmu ke nan. Kafin mu shiga mu zagaya mu dubi tayoyi, ba abin kunya ba ne. In direba ya fara gudun wuce kima, mu yi masa magana cikin ladabi, mu ce, "Malam direba, don Allah a rage." Ku kuma iyayenmu, muna roƙo ku riƙa raka mu tasha in da hali, ku ga motar da muka shiga da inda aka zaunar da mu. In kun ba mu kuɗin mota, ku tambaye mu daga baya yadda muka kashe shi, gama yaro yakan ga ribar naira kaɗan, ba ya hango abin da ke bayanta.

Ba na fatan a kawo mana mota mai ƙofa takwas Kangire, kakana ya yi gaskiya, hanyoyinmu na ƙauye ba za su karɓe ta ba. Abin da nake sha'awa shi ne tunanin waɗanda suka ƙera ta, da suka ƙirga mutane tukuna, sa'an nan suka auna ƙarfe. Ni burina in karanta aikin injiniya, ko Allah zai sa wata rana a ƙera motar haya a Kaduna ko Kano wadda aka auna ta da buhunanmu da hanyoyinmu da yawan iyalinmu. Abokina ya warke, yana rubutu da hannunsa, kuma shi ya fara karanta wannan bayani kafin in miƙa wa malam. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.